Wace Irin Caja Ta Dace da Dilan Motocin Lantarki a Abuja?

Dilan da ya fara shigo da motocin lantarki, wace caja ya kamata ya kafa a filinsa? Guda nawa, masu wane ƙarfi, kuma da wace wuta za su yi aiki? Shekaru kaɗan da suka wuce babu mai ɓata lokacinsa a kan wannan tambaya a Abuja. Abin ya canja ne daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka sanar da cire tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce dubu. A Oktoban 2024 kuma gwamnatin tarayya ta sa motocin lantarki cikin kayan da aka ɗauke wa harajin VAT. Yanzu idan ka zaga filayen sayar da motoci a cikin gari ko bakin babbar hanyar Kubwa, ba abin mamaki ba ne ka ga mota ɗaya ko biyu marasa salansa a tsakiyar jerin Camry da Highlander.

Duk mai saye da ya tsaya a gaban irin wannan mota, kafin ya tambayi farashi sai ya ce, "Alhaji, a ina zan riƙa yi mata caji?" Dilan kuwa sau da yawa shi ma bai gama warware wa kansa wannan ba. Idan ya je wurin masu sayar da caja, abin da za a fara nuna masa shi ne wadda ta fi sauri, ta fi tsada, ta fi cika ido. Ni a ganina saurin caja shi ne abu na ƙarshe da ya kamata dila ya duba. Kafinsa akwai bakin motocin da yake sayarwa, akwai wutar da filinsa ke samu, akwai kuma gidan wanda zai sayi motar.

Me ake nufi da caja, kuma me ya sa wata ta fi wata sauri?

Motar da muke magana a kanta ita ce wadda ake jona wa wuta. Akwai irin Prius ta da, mai haɗa fetur da ƙaramin batir, ita ba a jona ta da komai, injinta da birkinta ke cika batirin. Akwai mai haɗa fetur da batir amma tana da bakin caji. Sai kuma zallar lantarki, wadda ba ta da tankin mai sam. Biyun ƙarshe su ne masu buƙatar caja.

Lambobi biyu ne ke rikita mutane. Akwai kWh, wato yunit ɗin da muke saye a mitar gida. Shi ne ma'aunin girman batir, kamar yadda lita take ga tanki. Akwai kuma kW, kilowat, ma'aunin ƙarfin da wutar ke shiga da shi. Lissafin ba shi da wuya: batir mai yunit 60, idan aka jona shi da caja mai kilowat 7, zai ɗauki kimanin awa tara kafin ya cika daga ƙasa. Hyundai Kona ta lantarki, irin wadda aka fara haɗawa a Legas a 2020, babban batirinta yunit 64 ne. Nissan Leaf da ta fi yawo a kasuwar motocin hannu tana da yunit 40, tsofaffinta 24 ko 30.

Wutar da ke zuwa daga turken lantarki ana kiran ta AC, batir kuma DC yake sha. Dole a juya wannan zuwa wancan, kuma inda ake juyawar shi ne ya raba cajoji gida biyu. A cajar AC, wadda ake mannawa a bango, na'urar da ke juya wutar tana cikin motar ne. Akwatin bangon aikinsa kawai ya tsare wutar, ya yi magana da motar, ya buɗe ko ya rufe. Irin waɗannan sukan zo da kilowat 7 a kan fes ɗaya, wato layin wuta guda irin na yawancin gidaje, ko 11 da 22 a kan fes uku. A cajar DC kuwa na'urar juyawar tana cikin cajar kanta, shi ya sa take da girma da nauyi da tsada. Tana zuba wuta kai-tsaye cikin batir da kilowat 30, 60, 120 ko fiye.

A nan ne dila ke fara asarar kuɗi. Ya sayi cajar bango mai kilowat 22 yana zaton za ta ninka ta kilowat 7 sau uku, alhali na'urar cikin motarsa iyakarta 7. Leaf irin wadda ke kasuwar motocin hannu ba ta karɓar fiye da 6.6 ta bakin AC. Motocin da aka ƙera don kasuwar cikin gida ta Sin mafi yawansu 7 ne a kan fes ɗaya. Komai ƙarfin akwatin bango, abin da motar ta iya sha shi za ta sha. Haka abin yake a DC: motar da iyakarta kilowat 50 ba za ta amfana da caja mai 120 ba. Kuma ko mota mai karɓa da yawa, da zarar batir ya kai kashi 80 cikin ɗari sai ta rage ja da kanta don kare batirin.

Bakin mota ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa

Wannan ita ce matsalar da ta fi damun kasuwarmu, domin mu ba daga wuri ɗaya muke ɗauko mota ba. Kwantena ɗaya daga Amurka, wata daga Turai, wata daga Dubai, wata daga Sin. A motar fetur wannan ba komai ba ne, bakin tanki duk ɗaya ne. A motar lantarki kowane yanki da nasa fulogin.

Turai na amfani da Type 2 a cajin AC, da CCS2 a cajin DC, kuma Tarayyar Turai ta tsayar da hakan a doka tun 2014. Amurka na da Type 1 da CCS1, sannan Tesla na da nata bakin daban da ake kira NACS, wanda tun 2023 sauran kamfanoni irin su Ford suka amince za su koma kansa a can. Japan na da CHAdeMO a cajin DC, shi ne a jikin Leaf ɗin da ke kasuwar motocin hannu. Sin kuma na da GB/T, mai rami biyu daban, ɗaya na AC ɗaya na DC.

Sunan mota ba ya gaya maka bakinta. Tesla Model 3 da aka sayo daga Amurka bakinta NACS ne, ta Turai CCS2, ta Sin GB/T. Volkswagen ID.4 ma haka take, uku ce a baki gwargwadon inda aka ƙera ta domin su. Kamfanonin Sin irin BYD suna sa CCS2 a motocin da suka ƙera don fitarwa zuwa ƙasashe da dama, amma wadda ɗan kasuwa ya saya a kasuwar cikin gida ta Sin ya loda a jirgi da GB/T za ta iso. Abin da ya fi ruɗi, bakin AC na GB/T kama yake da Type 2 a ido, ramuka bakwai, siffa ɗaya, amma ba sa shiga juna. Sai an buɗe murfin an duba da kyau.

Saboda haka aikin farko na dila ba ya buƙatar ko kwabo. Ya zauna ya rubuta daga ina motocinsa ke zuwa, daga ina kuma yake shirin ɗaukowa nan da shekara biyu. Mai hulɗa da Sin kaɗai GB/T ce tasa. Wakilin kamfanin da ke kawo motocin fitarwa ya riƙe abin da kamfanin ya ce, yawanci CCS2. Mai gauraya kuwa, wanda shi ne mafi yawanmu, akwai dabarar da za ta sauƙaƙa masa. Cajar bango iri biyu ce: mai waya manne a jiki, da mai soket kawai wanda kai ne za ka kawo waya. Idan ya sayi mai soket na Type 2, sai ya ajiye wayoyi uku a ofis, ɗaya mai ƙarewa da Type 2, ɗaya Type 1, ɗaya GB/T. Akwati ɗaya zai ciyar da kusan duk motar da ta shigo. Wayar da ta lalace a canja ta ita kaɗai, kuma da dare a naɗe a kulle, domin wayar tagulla mai kauri da aka bari a waje ba ta daɗewa.

A DC abin ba shi da wannan sauƙin. Ba siffar fulogi kaɗai ta bambanta ba, har yaren da motar da cajar ke magana da shi daban ne. Adaftar da ke haɗa cajar CCS2 da motar GB/T ƙaramar kwamfuta ce mai fassara tsakaninsu. Tana da tsada, wani lokaci sai an sabunta manhajarta kafin ta yarda da sabuwar mota, kuma wuta mai ƙarfin gaske ce ke ratsa ta. Ana iya ajiye ɗaya don ko-ta-kwana, amma ban ga hikimar gina kasuwanci a kanta ba. Wanda zai sayi cajar DC ya nemi mai hannu biyu, GB/T da CCS2, tun daga kamfani.

Akwai wani tarko ƙarami a motocin Amurka. Sukan zo da wayar caji a but, wadda wasu daga cikinsu an yi su ne don wutar gidajen can mai bolt 120. Tamu 230 ce. Yaron fili ya canja mata kan fulogi ya jona a soket, sai ta ƙone. A karanta rubutun jikinta tukuna.

Wutar da ke filin za ta ɗauka?

Cajar bango mai kilowat 7 tana jan amfiya 32, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya. Idan aka auna da na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi, kamar a kunna shida ne a lokaci guda, kuma su yi ta aiki awa takwas ko tara babu hutu. Cajar DC mai kilowat 60 tana jan kusan amfiya 95 a kan kowane fes cikin ukun. Mai 120 ta ninka haka. Yawancin filayen motoci an ja musu wuta ne don ƙwan fitila da fanka da firji da injin wankin mota. Wayar da ta shigo da wutar da mitar da ke kanta ba a yi su don wannan nauyi ba.

Ke nan wanda ke son DC ba caja kaɗai zai saya ba. Zai buƙaci fes uku, sau da yawa da taransifomarsa ta kansa daga babban layi, da mitar manyan masu amfani da wuta, da amincewar kamfanin rarraba wuta na Abuja, AEDC, sannan hukumar NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki ta zo ta gani. Ba abin mamaki ba ne kuɗin taransifoma da turaka da waya da haƙa su kai kuɗin cajar ko su wuce shi. Wannan lissafi ya kamata a yi shi kafin a biya kuɗin caja, ba bayan ta iso tana zaune cikin akwati ba. Akwai kuma batun filin kansa. Dillalai da yawa a Abuja haya suke, wasu ma a wuraren da ba su da tabbacin zama. Cajar bango ana kwance ta cikin awa ɗaya a tafi da ita. Taransifoma da kankaren da aka zuba wa babbar caja ba a ɗaukar su cikin sauƙi.

Sai rukunin layin da filin yake. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta raba layuka daga Band A, wanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa B mai 16, C mai 12, D mai 8 da E mai 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, aka sauke zuwa 206.80 a Mayu, aka mayar 209.50 a Yuli. Mutane sun yi kuka da wannan ƙari, kuma da gaskiyarsu, amma ga mai cajin mota har yanzu ita ce wuta mafi arha da za a dogara da ita. A ɗauki batir mai yunit 60. Da ɗan abin da ke zubewa a hanya, mita za ta ci kimanin yunit 66. A farashin 209.50 bai kai naira dubu 14 ba, kuma motar za ta yi tafiyar kilomita 350 ko kusa da haka. Motar fetur mai shan lita 8 a kilomita 100 lita 28 za ta ƙona a wannan tazarar.

Yanzu a yi wannan cajin da janareta. Lita ɗaya ta dizal tana ba da yunit uku da ɗoriya a inji mai lafiya. Yunit 66 ɗin nan zai cinye kusan lita 20. Ka ga ribar ta kusa narkewa, ga hayaƙi, ga kuɗin sabis. Bayan haka wasu motoci da cajoji sukan ƙi karɓar wutar janareta idan tana hawa da sauka ko kuma babu atin mai kyau, wato wayar tsaro da ake haɗawa da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Janareta ya zama na fitar da mota ɗaya ranar da mai saye ke jira. Idan ya zama shi ne tushen cajin filin, lissafin ya ɓaci tun daga farko.

Sola ta fi dacewa da dila fiye da yadda ta dace da mai gida, saboda dalili ɗaya: motocin dila a tsaye suke da rana. Kilowat ɗaya na faranti a Abuja yakan ba da yunit huɗu zuwa biyar a rana mai haske, ya ragu a tsakiyar damina da lokacin hazon hunturu. Rumfa mai kilowat 15 za ta iya cika mota ɗaya daga ƙasa kowace rana, ko ta ƙara wa uku ko huɗu abin da suka rasa, ba tare da an sayi tulin batiran ajiya ba. Ga inuwa kuma ga motocin. Tashar caji ta gwaji da NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ta buɗe a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, zamanin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar, da hasken rana take aiki. Amma kada a ruɗi kai, rumfar sola ba za ta ɗauki cajar DC mai kilowat 60 ba sai da filin faranti mai faɗi da batira masu tsadar gaske.

Masu cewa a sayi babba, da masu cewa a dakata

Masu goyon bayan babbar caja suna da hujja. Sun ce wuraren caji na jama'a ba su da yawa a Abuja, don haka dilan da ya kafa DC ya samu hanyar kuɗi ta biyu, ya kuma samu dalilin da zai sa masu motocin lantarki su riƙa shigowa filinsa kullum. Direban haya na manhaja, irin masu Bolt da Uber, ba zai iya ajiye mota awa tara da rana ba. Minti arba'in yake da su. Wanda zai kama hanyar Kaduna, kusan kilomita 190, yana son ya cika kafin ya wuce Zuba. Sun kuma ce mai shakka idan ya ga da idonsa batir ya tashi daga kashi 20 zuwa 80 kafin ya gama shan shayi, rabin cinikin ya faɗa.

Masu cewa a dakata kuma sun ce kasuwar ba ta nuna inda ta dosa ba. Yau GB/T ke yawa, gobe wakilan kamfanoni su cika gari da CCS2, ka wayi gari da na'urar miliyoyi mai bakin da ba kowa ke nema ba. Sun ce soket ɗin bango da wayar da ta zo da mota sun isa.

Ban yarda da na biyun ba ko kaɗan a batun soket. Wayar da ke zuwa da mota tana jan kimanin kilowat 2, batir mai yunit 60 sai ya kwana ya wuni bai cika ba. Soket mai amfiya 13 na kasuwa, balle a ce an ƙara masa da doguwar wayar jone, ba a yi shi don ya ɗauki nauyi awa ashirin a jere ba. Zafi yake yi, ya narke, kuma a fili mai cike da motoci masu fetur a tanki. Na farkon kuma gaskiyarsu gaskiya ce, sai dai sana'a biyu suka haɗa wuri ɗaya. Sayar da caji ga jama'a sana'a ce mai zaman kanta. Tana son wurin da motoci za su shiga su fita, da ma'aikaci har dare, da wutar da ba ta yankewa, da masu zuwa da yawa da za su mayar da jari. Dilan da ke da wannan wuri a layin Band A ya shiga, Allah ya sa albarka. Wanda ba shi da shi ya tsaya kan abin da sayar da mota ke buƙata.

Abin da sayar da mota ke buƙata kuwa ba shi da yawa. Motar da ke jiran mai saye ba a son batirinta a cike, ba a kuma son shi a ƙasa. Wajen rabi zuwa kashi 60 ya fi masa lafiya, musamman a zafin Maris da Afrilu. Gwajin tuƙi daga Wuse zuwa Gwarimpa a dawo yunit kaɗan yake ci. Cika batir sai ranar miƙa mota, kuma wannan rana ba ta zuwa ba zato. Filin da ke da motocin lantarki biyar zuwa goma, cajar bango biyu ko uku masu kilowat 7 sun wadatar, ɗaya a gaba inda mai saye zai gani ya taɓa ya jona da hannunsa, sauran a baya wajen wanki da gyara. Idan akwai fes uku, a sa ɗaya mai 11 ko 22 saboda motocin Turai. A nemi masu iya raba wuta tsakaninsu, waɗanda ke rage ja idan nauyi ya yi wa layin yawa. Mai garejin gyara kuma, ko mai sayar wa kamfanoni motoci da yawa, ƙaramar DC mai kilowat 20 ko 30 ta ishe shi. Akwai masu taya da ake turawa daga mota zuwa mota. Amfaninta ba sauri kaɗai ba ne, da ita ake gwada ko bakin DC na motar hannu yana aiki kafin a sayar wa mutum.

Ko ba a kafa manyan cajoji yanzu ba, ranar da ake haƙa a binne bututun waya mai faɗi, a bar gurbi a allon rarraba wuta. Fasa daɓe sau biyu ya fi bututu tsada.

Zafi, ƙura da tsawa

Caja na rage ƙarfinta da kanta idan ta yi zafi. Wadda aka rubuta wa kilowat 60 aka dasa ta a rana tsaka ba za ta ba da 60 ba. Rumfa dole ce. Cajar DC tana da fankoki da matatar iska, kuma ƙurar hunturu na toshe su, sai an riƙa cirewa ana kakkaɓewa. A jikin kowace caja akwai lambar IP mai nuna juriyarta ga ƙura da ruwa. Ta waje kada ta gaza IP54, ta bango idan an samu IP65 ya fi.

Damina a Abuja da tsawa take zuwa, wutarmu kuma takan dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa. Dole a sa na'urar tare hauhawar wuta, da mai yanke layi idan bolt ya yi sama ko ƙasa da ƙima. Abin da ake karewa ba cajar kaɗai ba ce, har da na'urar cikin motar, wadda canja ta ba ƙaramin kuɗi ba ne kuma ba lallai a same ta a kasuwar kayan gyaran mota ta Apo ba. Kowace caja ta samu layinta daga allo, da birekarta, da na'urar yanke wuta idan ta zubo, irin Type B, ko Type A idan cajar na da nata mai gano zubar DC a ciki. Atin kuma a auna shi da na'ura, kada a tsaya a kan cewa an buga ƙarfe a ƙasa. Ƙasa na bushewa da rani, atin da ya yi kyau a Agusta yana iya raunana a Fabrairu. Wannan aiki ne na injiniyan lantarki mai lasisi, wanda zai sa hannu a takarda.

Wani abu da ke damuna shi ne motocin gwanjo. Mun saba sayo motar da ta yi hatsari ko ruwa ya ci a Amurka, a gyara ta a sayar. A motar lantarki, batirin da ya bugu ko ruwa ya shiga yana iya kama wuta kwanaki bayan haka, kuma wutar batirin litiyam tana da wuyar kashewa, takan sake tashi bayan an zaci ta mutu. Irin wannan mota kada a fara yi mata caji a cikin jeri ko a ɗakin nuni. A ware mata wuri a fili nesa da sauran, masani ya duba batirin tukuna. A kuma gaya wa yaran fili da kanikawa cewa duk waya mai launin lemo a cikin motar tana ɗauke da bolt 400, wasu har 800. Ba a taɓa ta da hannu ko sifana.

Manhaja da garanti

Cajojin da aka yi don kasuwar cikin Sin wasu ba sa tashi sai an haska lamba da manhajar can, mai neman lambar wayar can. A tabbatar caja tana aiki da kati ko maɓalli ko da intanet ta ɗauke. Mai niyyar karɓar kuɗi daga jama'a ya nemi mai OCPP, ƙa'idar da ke ba shi damar haɗa cajar da manhajar kowane kamfani, don kada ya zama ɗaurarren mai sayarwa ɗaya. A nemi takardar SONCAP, shaidar ingancin kayan da aka shigo da su daga waje. Tambaya mafi muhimmanci ga mai sayarwa ita ce: idan ta lalace, wa zai zo, daga wane gari, kuma kayan gyaran suna Najeriya ko sai an yi oda? Garantin shekara biyu da ke buƙatar a mayar da na'ura ƙasar waje ba shi da amfani ga mai fili a Kubwa.

Abin da ya shafi mai saye da maƙwabta

Motar da dila ya sayar a gida za ta yi mafi yawan cajinta, da dare. Saboda haka cajar da ta fi muhimmanci a cinikin ita ce wadda za ta bi mai saye gida. Mai gidan kansa a Gwarimpa ko Maitama a layi mai wuta ba shi da matsala. Ɗan haya a bene a Lugbe ko Mararaba, mai ajiye mota a waje, wanda wuta ke zo masa awa shida a rana, lamarinsa daban ne. Amana ce a kan dila ya tambaye shi: "Ranka ya daɗe, awa nawa kuke samun wuta? Mitarka ce kai kaɗai? A ina motar ke kwana? Kilomita nawa kake yi a rana?" Mai yin kilomita 40 a rana yunit bakwai ko takwas yake buƙata, awa ɗaya da 'yan mintuna ke nan a cajar bango, ko layin Band C zai ɗauke shi. Mai zuwa Jos ko Kano kowane mako kuwa gara a gaya masa gaskiya, a nuna masa mai haɗa fetur da batir. Dilan da ya haɗa farashin mota da cajar gida da kuɗin dubawa da kafawa ya rage wa kansa masu dawowa da fushi. A rubuta wa mai saye sunan bakin motarsa a takardar ciniki, a nuna masa lafiyar batirin a na'urar gwaji. Leaf irin wadda ke kasuwar motocin hannu ba ta da ruwan sanyaya batir, zafinmu na saurin tsufar da shi, kuma tana nuna lafiyarsa da sanduna 12 a gaban direba, ya ƙirga da idonsa.

Maƙwabta ma suna da haƙƙi. Taransifomar unguwa da dama an riga an yi mata lodi fiye da ƙima. Idan fili ɗaya ya jona cajoji uku a fes ɗaya ba tare da sanar da kamfanin wuta ba, mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara na layin su za su ga wutarsu ta yi ƙasa, kuma ranar da taransifomar ta ƙone kowa ya san yadda ake bin gida-gida ana karo-karo. A raba cajojin a kan fes ukun, a sa su yi aiki a lokacin da layin ba shi da nauyi, a kuma kai wa AEDC bayanin ƙarin lodin a rubuce kafin a kunna.